Yadda ake zaɓar yashin da za a shimfiɗa wa kunamar ruwa a tankin gilashi

Wata shekara maƙwabcina a Bukuru yana ginin katanga, aka sauke masa tifa guda ta yashi a ƙofar gida. Na ce masa, "Alhaji, a taimaka mini da bokiti huɗu." Ya ce in ɗiba ko goma ne. Da wannan yashi na yi wa kunamar ruwata ta farko shimfiɗa, ina ta murna na samu a ɓagas. Ba a yi mako biyu ba na lura ta daina kwanciya a ƙasa, kullum tana manne da gilashi tana hawa tana sauka. A nan na ga cikinta, wanda ya kamata a ce fari ne tas, ya yi jajaja kamar an goga masa soson ƙarfe. Ta rayu, amma sai da na kwashe yashin nan kaf, na yi wata guda ina canjin ruwa babu ƙaƙƙautawa. Abin da ke tafe shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini kafin in ɗauki bokiti.

Kifin da muke magana a kai shi ne faffaɗan nan mai kama da faifai, mai doguwar wutsiya da ƙaya mai dafi a kanta. Masuntan kogin Binuwai sun san ɗan'uwansa, su ne ma suka raɗa masa suna kunamar ruwa. Namu na gida, wanda masana ke kira Fontitrygon garouaensis saboda garin Garwa na Kamaru, yana cikin kogin Neja da Binuwai, kuma yana cikin jerin kifayen da ake fargabar ƙarewarsu. Don haka idan wani ya yi maka tayin kawo maka shi daga Ibi ko Makurɗi, ka ce a bar shi a koginsa. Waɗanda ake kiwo a tanki 'yan Kudancin Amurka ne, dangin Potamotrygon, daga kogin Amazon da Orinoko da Farana. Wadda aka fi samu ita ce motoro mai ɗige-ɗigen ruwan goro, sai leopoldi, baƙa mai fararen ɗigo daga kogin Shingu na Burazil, wadda kuɗinta ba na wasa ba ne.

Kafin ka je neman yashi, ka fahimci abu ɗaya. Sauran kifaye suna yawo a tsakiyar ruwa ne, ƙasan tanki ado ne kawai a wurinsu. Ita kuwa kunamar ruwa a ƙasa take kwana, a ƙasa take tashi. Bakinta a ƙasa yake, kafofin numfashinta a ƙasa suke, fatar cikinta kuma taushi gare ta kamar ta jariri, babu ɓawon da zai kare ta. Idan za ta ci abinci, takan kife a kansa ta hura ruwa cikin yashi ta tono shi, ta zuƙi yashi da abinci tare, sannan ta furzar da yashin. Idan ta tsorata kuwa, sai ta kaɗa gefen jikinta sau biyu ko uku, yashi ya rufe ta, ba abin da za ka gani sai idanu biyu da ramuka biyu a bayansu waɗanda take jan ruwa da su. Ke nan duk abin da ka zuba a ƙasan tankin nan zai gogi cikinta dare da rana, zai shiga bakinta, zai bi ta cikin kafofin numfashinta. Shimfiɗar gado ce kake zaɓa mata, ba ado ba.

Fara da faɗin tankin, sannan ka yanke: yashi ko gilashi zalla

Ɗauko tef ka auna tsawo da faɗin ƙasan tankinka. Zurfi bai dame ta sosai ba, fili take so. Wadda ake sayar maka da ita kamar murfin kofi, 'yar motoro ce da za ta iya kai faɗin santimita 40 zuwa 50. Tankin da bai kai tsawon santimita 180 da faɗin 75 zuwa 90 ba, wurin reno ne kawai, ba gidan zama ba. Rubuta awon a takarda, za mu dawo kansa wajen lissafi. In kuma a bene kake, ka tuna tanki mai santimita 180 da 90 da 60 yana cin ruwa lita 972, kusan tan guda ke nan tun ba a sa nauyin gilashi da yashi ba.

Masu kiwon wannan kifi sun rabu gida biyu. Akwai waɗanda ba sa zuba komai, gilashi zalla. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kunamar ruwa ci gare ta, kashi kuma daidai cin, ga shi ko kaɗan ba ta jure ammoniya, gubar da kashi da ruɓaɓɓen abinci ke haifarwa a ruwa. A kan gilashi kana ganin duk guntun jatan lande da ta bari, ka zuƙe shi cikin minti ɗaya. Ni ma haka nake yi wa sabuwar da aka kawo, makonni huɗu zuwa shida na farko, a tankin keɓewa, domin in ga tana ci kuwa, in ga yanayin kashinta, in kuma za a ba ta magani babu yashin da zai riƙe shi. Jarirai ma haka, tunda haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kuma ɗan da aka haifa yana buƙatar ya tarar da abinci a fili. Idan wannan hanya ka zaɓa, ka shafa baƙin fenti a ƙasan gilashin ta waje, ba ta ciki ba, don kada ƙyalli ya riƙa ruɗa ta.

Amma a tankin da za ta zauna shekara da shekaru, ni ina bayan yashi. Kifin da aka halitta da ɗabi'ar binne kansa, idan ya firgita ya rasa inda zai shiga, sai ya yi ta karo da gilashi. A gidajenmu kuwa abin firgita ba ya ƙarewa: yara su buga ƙofa, a ɗauke wuta, a kawo wuta fitila ta haske tankin farat ɗaya. Wadda ke da yashi takan nutse, bayan minti goma ta fito kamar ba a yi ba.

Abin da za ka kauce wa, kuma a Jos shi ne ya fi yawa

Abin haushi, yashin da ya fi sauƙin samu a garin nan shi ne wanda bai dace ba. Na farko yashin gini mai kaifi, irin wanda ya ci ni. Magina kaifin suke nema domin shi ke kama siminti, abin da ke yi wa bulo daɗi shi ke yanka cikin kifi. Garin dutse na injin fasa duwatsu ya fi shi muni, domin kowace ƙwaya tsinke ce da aka fasa jiya, ruwa bai taɓa goge mata baki ba.

Na biyu, kuma wannan namu ne na Filato: yashin bakin kududdufan kuza. Tun farkon ƙarni na 20 ake haƙar kuza a ƙasar nan, duk wanda ya bi ta Rayfield ko Bukuru ko hanyar Barikin Ladi ya ga ramukan da aka bari cike da ruwa, da tulin yashi a gefensu. Wani yana da laushi, yana da ɗan baƙi-baƙi mai ƙyalli, in ka gan shi sai ka ce don tanki aka yi shi. Kada ka taɓa. Ragowar wankin ma'adinai ne, akwai burbushin kuza da kwalambait da sauran ma'adinai masu nauyi a ciki, har da monazait mai ɗauke da sinadarin toriyam. Ba ka san abin da zai riƙa saki a ruwa mai ɗumi da ɗan tsami ba, kunamar ruwa kuwa ƙarfe a ruwa maƙiyinta ne, ko maganin kifi mai tagulla a ciki yana iya kashe ta. Ƙari a kan haka, yawancin kududdufan nan masu lambu sun kewaye su, taki da maganin feshi duk nan suke gangarawa. Yashin kogin Dilimi a cikin gari kuwa ba sai na yi bayani ba, kowa ya san abin da ake zubawa a ciki.

Na uku tsakuwa, har da mai launi-launi da masu sayar da kifin ado ke cusa wa mutum tare da tanki. Ko mai santsi ce, ba ta iya binne kanta a ciki, in ta gwada ta kurje. Abinci kuma yana faɗawa tsakanin duwatsun inda bakinta ba ya kaiwa, ya ruɓe a can.

Na huɗu shi ne mai ruɗi: farin yashi ƙal da ake sayarwa don tankin kifin teku, na murjani ko na dakakken ƙwanso. Yana narkewa a hankali ya ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya haura 8, ya sa ruwa ya yi nauyi. Kifin Amazon ruwa mai laushi yake so, pH tsakanin 6.5 da 7.5 ya wadatar. Haka nan ƙasar shuka da ake yi don tankin tsirrai: tana sakin ammoniya a makonnin farko, kuma kunama za ta tumɓuke komai ta mai da ruwan kunu.

To, wanne za a nema?

Siffa huɗu: ƙwayar ta zama mai zagaye, ƙanana amma ba gari ba, ba ta canza ruwa, kuma mai tsabta. Girman ƙwaya tsakanin rabin milimita da milimita ɗaya, wato kamar sukari na gari. In ta fi haka laushi, kamar fulawa, za ta yi ta tashi tana shiga famfo, wato injin da ke zagaya da ruwan tanki, kuma tana danƙarewa. In ta fi haka girma, mun koma tsakuwa.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne yashin silika da ake zubawa a matacin ruwan wurin ninƙaya. An riga an tankaɗe shi, ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya ne, yawanci tsakanin milimita 0.4 da 0.8, yana da nauyin da yake komawa ƙasa da wuri, kuma ba ya taɓa pH. Ka tambayi masu sayar da kayan tace ruwa, waɗanda masu gidajen fiya wata ke saye a wurinsu. In ba a samu a Jos ba, a Abuja ba ya wuya, ka sa direba ya ɗoro maka buhu biyu. Sharaɗi biyu: ya zama sabo, ba wanda aka kwaso daga tsohon mataci ba, domin wancan ya sha kulorin da magunguna. Sannan ka buɗe buhun ka gani da idonka, saboda yanzu akwai dakakkiyar kwalba da ake sayarwa don aiki ɗaya, akwai kuma silikar da aka fasa da inji mai kaifi. Mai shago zai ce maka, "Oga, duk ɗaya ne." A wurin mataci ɗaya ne, a wurin kifinka ba ɗaya ba ne.

Idan aljihu bai kai ba, rairayin rafi yana yi, kuma in an dace ya fi kowanne taushi tunda ruwa ya shekara yana goge shi. Sai dai ka nemi rafin da ke can cikin ƙauye, sama da gonaki, nesa da wurin haƙa da wurin wankin mota, kuma ka shirya wa aikin tankaɗe da wanki.

Maganar launi gajera ce. A kan fari ƙal kifin yakan koɗe, a kan mai duhu launinsa yakan ƙara fitowa. Ruwan ƙasa-ƙasa irin na rafi ya fi kwanciya a ido, kuma ba ya tona asirin kowane ɗan kashi. Baƙin yashi ka yi hattara da shi, domin wani ragowar narkar da tama ne da ake wanke ƙarfe da shi, kaifi gare shi kamar reza.

Gwaji kafin ka biya kuɗin buhu

Karɓi cikin gwangwanin madara ɗaya ka tafi da shi gida. Gwaji biyar ne, huɗu daga ciki ba za su ci maka rabin awa ba.

Jiƙa yashin, ka ɗiba ka goga a cikin hannunka, daidai wurin da agogo ke zama ta ciki, inda fata ta fi taushi. Goga da ɗan ƙarfi, ka ƙirga ashirin. Tafin hannu ba ya faɗin gaskiya, musamman na mai aikin ƙarfi. In wurin ya yi ja ko ya yi zafi, an gama magana, mayar musu da kayansu. Yashin kirki mirginawa yake yi a kan fata, ba karta ba. In kana da gilashin ƙara girma, ko kyamarar waya mai jawo abu kusa, baza 'yan ƙwayoyi a kan baƙar takarda ka duba: kana son ka ga masu kama da ƙwai, ba masu kama da fasasshiyar kwalba ba.

Na biyu, zuba cokali uku a gorar ruwa, cika ta, girgiza sosai ka ajiye. Yashin ya kamata ya zauna cikin 'yan daƙiƙu. In bayan minti biyar ruwan yana nan kamar koko, akwai laka da yawa. Wanki yana iya gyara wannan, amma ka san aikin da ke gabanka.

Na uku, shanya kaɗan ya bushe, ka ɗiga masa ruwan kal, wanda mata ke sawa a haɗin salak. In ya yi kumfa ko ka ji yana ɗan tsuwa in ka kara kunne, akwai farar ƙasa ko ƙwanso a ciki, zai ɗaga pH. A bar shi.

Na huɗu, nemo mayen ƙarfe, irin na tsohuwar sifika, ka sa shi a leda ka ja shi cikin busasshen yashin. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ba komai ba ne, kusan kowane rairayin rafi yana da su. In kuwa ledar ta fito da gemu baƙi ƙirin, wannan yashin ya haɗa hanya da wurin haƙa. Ban da abin da zai saki a ruwa, ƙwayoyin nan suna manne wa mayen ƙarfen da ke cikin famfo su cinye shi, suna kuma maƙalewa a abin goge gilashi su zana maka layi a tanki.

Na biyar shi ke son haƙuri. Samo kofi biyu na gilashi, ka cika su da ruwan da za ka yi amfani da shi. Ɗaya ka zuba wankakken yashin, ɗaya ka bar shi haka. Bayan mako guda ka auna pH na kowanne. In sun yi daidai, ko bambancin bai taka kara ya karya ba, je ka sayo buhunka.

Lissafin yawa

A nan mutane ke wuce gona da iri. Kaurin santimita 2 zuwa 3 ya isa. Jikinta falle ne, ba rami take haƙawa ba, lulluɓa take yi. In ka tula santimita 8 ko 10, ƙasan ba ya samun iska, ragowar abinci ya ruɓe a can ya haifar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi. Ranar da ta tono wurin, a fuskarta zai tashi.

Ninka tsawo da faɗi da kauri, duk a santimita, ka raba da 1,000, ka sami lita. Kowace lita ta busasshen yashi tana kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Tanki mai 180 da 90, a kaurin santimita 2, ya ba da lita 32.4, wato kusan kilo 49. Buhu biyu masu kilo 25 ke nan. In rairayin rafi ne, ɗebo ninki biyu, domin rabi zai tafi a tankaɗe da wanki.

Tankaɗe da wanki

Na rafi ka shanya shi a rana a kan sabuwar leda har ya bushe ƙarau, sannan ka tankaɗe da ragar sauro irin ta taga. Abin da ya tsaya a sama, tsakuwa da itace da guntun kwalba, a zubar. Sai ka zuba masa tafasasshen ruwa ka bar shi ya huce, saboda ƙwan tsutsa da dodon koɗi. Na buhu ba ya buƙatar wannan, wanki kawai.

Sayi sabon bokiti. Ina nufin sabo, ba wanda uwargida ta ce ta ɗauraye ba. Bokitin da ya taɓa ganin Omo ko Hypo ko maganin sauro ba ya shiga wannan aiki, kuma ka rubuta masa suna a jiki, in ba haka ba wata rana za ka tarar an jiƙa kayan makaranta a ciki. Zuba yashi kashi ɗaya cikin uku na bokitin, tura tiyo har ƙasa, ka riƙa juyawa da hannu ruwan yana malala ta sama. Tsiyaye, sake cikawa. Ka ci gaba har sai in ka juya ka saki, kana ganin yashin ta cikin ruwan bayan ka ƙirga goma. Na buhu yakan yi sau biyar ko shida, na rafi yana iya kai ashirin. Babu sabulu ko ɗigo. In a watan Disamba ko Janairu kake wannan aiki, ka bari rana ta take, ruwan Jos da safe sai ya ƙage maka yatsu.

Zubawa

In za ka sa dutse ko itace, ka rage su, guda ɗaya ko biyu masu santsi a can kusurwa, kuma ka ɗora su a kan gilashi kai tsaye kafin yashi. Dutsen da aka ɗora a kan yashi, in ta tone ƙarƙashinsa, kanta zai faɗo. Sai ka zuba yashin da kofi ka baje. Kada ka wahalar da kanka wajen yin tudu da gangare, kwana ɗaya za ta sake tsarin yadda take so. Ɗora faranti a tsakiya ka riƙa zuba ruwa a kansa don kada ya tono.

Bakin bututun da ke jan ruwa zuwa mataci ya kasance sama da yashi da kamar santimita 15, ka kuma sa masa soso, domin duk lokacin da ta binne kanta yashi tashi yake yi. Hita kuma dole ne a Jos. Garin yana sama da mita 1,200, daren hunturu sanyi yake yi na gaske, ita kuwa tana son digiri 26 zuwa 28. Amma kada ka kwantar da hita tsirara kusa da yashi, kunamar za ta kwanta a kanta ta ƙone, kuma irin wannan ƙuna takan daɗe ba ta warke ba. A sa mata kejin roba, ko a kai ta cikin akwatin tacewa na ƙasa in kana da shi.

Ruwan famfo a sa masa maganin kashe kulorin. Sannan a bar tankin yana aiki babu ita makonni huɗu zuwa shida, ana ɗan jefa abinci domin ƙwayoyin halittar da ke cinye ammoniya su hayayyafa. Ba ta shiga sai abin awo ya nuna ammoniya sifiri, naitirait, gubar da ammoniya ke rikiɗewa ta zama, ita ma sifiri. Yawancin waɗannan ƙwayoyi a cikin mataci suke zama, ba a cikin ɗan siririn yashin nan ba, don haka kada ka ƙara kauri da sunan taimaka musu.

Bayan ta shiga, ita za ta ba ka amsa

Makonni biyu na farko ka riƙa duba cikinta duk lokacin da ta hau gilashi. Fari ko ruwan madara, lafiya. Ɗan ja-ja da ke zuwa bayan ta yi ta zirga-zirga ya kuma tafi, ba abin tashin hankali ba ne. Jan da ya zauna, musamman a gefen faifan da kewayen baki, ko dai yashi ne ko ruwa. Fara da awon ruwa, domin ammoniya ma tana kawo wannan ja. In ruwa lafiya lau ne, to ka zargi shimfiɗa. Haka in ka ga yashi yana manne mata a baya ba ya zuba, jikinta na fitar da yauƙi fiye da kima, wani abu na damunta. In kuwa gefen faifan ya fara lanƙwashewa sama, lamarin ya yi nisa, canza rabin ruwa nan take da ruwa mai ɗumi daidai da na ciki.

Wadda ta ji daɗin wurin za ka gane ta. Ka jefa tana, ta bi ta kife a kai, ka ga yashi na fita ta gefe kamar ana sheƙa.

Shara sau ɗaya ko biyu a mako. Ba a cusa tiyon zuƙa cikin yashi yadda ake yi wa tsakuwa, a riƙe shi sama da kamar faɗin yatsa, ana ɗan juya shi, datti ya taso yashi ya zauna. Tsakiyar tanki ita da kanta take juya shi. Kusurwoyi da gindin dutse ne naka, ka bi su da doguwar sanda ta roba. A tare da sharar ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwa, ko rabi in ta girma. Abin da tiyo ya tafi da shi na yashi, ka wanke ka mayar.

Yashi yana da haɗari ɗaya da gilashi zalla ba shi da shi: yana ɓoye ta. Kada hannunka ya shiga ruwan nan sai ka ga idanunta ka san inda take, in biyu ne ka ƙirga biyu. Ba ta neman faɗa, amma in ka dafa ta, wutsiyar ta fi ƙiftawar ido sauri. Tana kuma zubar da tsohuwar ƙaya lokaci-lokaci sabuwa ta fito, tsohuwar tana nan kwance cikin yashi da kaifinta, shi ya sa na ce sanda, ba yatsa ba. In tsautsayi ya faɗa, tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, kimanin digiri 45, na tsawon minti 30 zuwa 90, zafi yana rage raɗaɗin dafin. Daga nan asibiti, a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki, a yi maganar allurar tetanus. Ba a tsagawa, ba a ɗaurewa, ba a tsotsa. Tankin kuma ya kasance da murfi mai nauyi in akwai yara a gidan.

Saura wanda ya riga ya zuba abin da bai dace ba, kifin kuma yana ciki. In cikinta ya riga ya yi ja, kwashe duka a rana ɗaya ka bar ta a gilashi zalla har ta warke. Da tiyo mai faɗi za ka zuƙe, ba da kofi ba, don kada dattin da ke ƙasa ya bazu, ita kuma ka tare ta gefe guda da faifan roba, ba a kama ta da raga saboda ƙayar tana sarƙewa. In tsakuwa ce kuma ba ta ji ciwo ba, raba aikin uku, kashi ɗaya kowane mako, kana awon ammoniya kullum, kada kuma ka wanke mataci a waɗannan makonni. Sabon yashin, bayan ka wanke shi, ka ɗauraye da ruwa mai ɗumi, ka kashe famfo, ka tsayar da bututun roba mai faɗi har ƙasan tanki ka riƙa zubawa ta ciki kofi-kofi, yana sauka a hankali inda kake so. Bar shi minti goma sha biyar ya zauna kafin ka kunna famfo.